Karen Mai Aski

Ranar Talata bam ya tashi a tashar mota, kuma shagon mai aski a jikin katangar tashar yake.

Malam yana ɗakinsa da jarida da jan biro, yana gyara kurakuran da ba wanda ya sa shi, kamar yadda ya saba tun da ya bar aikin duba rubutu a maɗaba'a. Ƙarar ta biyo ta ƙasa kafin ta iso kunne. Kofin shayi ya yi tsalle ya kife, hoton marigayiya matarsa ya karkace a bango, ƙura ta zubo daga silin. Sai ko'ina ya yi tsit. Daga nan Kumfa ya fara kuka a ɗakin da ke jikin nasa, wani dogon kuka mai ja, irin wanda Malam bai taɓa ji daga bakinsa ba.

Kumfa karen mai aski ne, fari tas, kunne ɗaya a kwance. A kwata mai askin ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo, ya kawo shi gidan hayar da suke zaune, inda ɗakuna suke a jere kuma famfo ɗaya kowa ke ɗiba. Ba mai son karen a gidan, Malam kuwa shi ne kan gaba. Karen ya taɓa cinye masa bangon ƙamus, kuma ya zaɓi ƙofar Malam ta zama wurin ɗaga ƙafarsa. Shekaru suka yi suna faɗa a kan haka, shi da mai askin, bango ɗaya a tsakaninsu. Mai aski yana kiransa Farfesa, shi kuma yana kiransa Mahauci, saboda bai taɓa tashi daga kujerarsa ba tare da ɗan yanka a haɓa ba. Duk da haka bai taɓa kai kansa wani shago ba. Ba wanda yake da kowa a cikinsu. Matar Malam ta rasu, ta mai aski ta tafi tun da daɗewa, garin da ya fito kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

Washegari aka kawo gawa a naɗe, wadda wuta ba ta bar mata fuska ba. Aka ce a cikin shagon aka same ta. Mai gidan hayar, wani mai tumbi da ke sayar da kayan gini, ya fito da benci ƙofar gida ya zauna karɓar gaisuwa, yana girgiza kai kamar uwa ɗaya ta haife su. Matan da suka sha cewa mai aski ya cika surutu suka riƙa faɗin bai taɓa ɓata wa kowa rai ba.

Malam ya ja wani direba gefe, cikin waɗanda suka ɗauko gawar, ya tambaye shi a ina daidai aka same ta. Direban ya ce a kan kujerar aski, a zaune.

Malam ya koma wurin mai gida ya ce wannan gawar ba ta mai aski ba ce. Ya ce tun da ya san mutumin nan bai taɓa ganin ya ɗora jikinsa a kan kujerar ba. A tsaye yake aiki, a tsaye yake cin abinci, in ya gaji a kan tsohuwar taya yake zama a bakin ƙofa, yana cewa kujerar ta baƙi ce, in ya zauna kanta ciniki zai gudu. Wanda aka samu a zaune, wanda ake yi wa aski ne.

Mai gida ya dube shi da tausayi, irin wanda ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa.

"Malam, karatun nan ya yi maka yawa. Mutum ba ya gajiya ne? A bar bawan Allah ya huta."

Aka kai gawar aka binne. Malam bai bi su ba, aka kuwa yi ta magana a kan hakan a bakin famfo.

Shi dai ya sa takalminsa ya shiga bin asibitoci. Ko'ina ya je sai a tambaye shi sunan wanda yake nema, ya faɗa, a duba, a ce babu. Ya yi ta bayyana musu cewa mutumin da aka kwaso a sume ba ya zuwa da sunansa a goshi, su kuma suna kallon na bayansa a layi. Duk wannan lokacin Kumfa yana kulle a ɗaki yana kuka, Malam yana tura masa gutsuren burodi da ruwa a faranti ta ƙarƙashin ƙofa, yana zaginsa.

Wata yamma ya dawo ya tarar gidan shiru, kwaɗon ɗakin mai aski a ɓalle. Matan gidan suka ba shi labari suna murna. Wata farar mota ce ta zo, da samari da 'yan mata masu safar hannu, suna bi gida-gida suna kwashe dabbobin da masu su suka mutu a tashin bam. Sun ɗauki kyanwowin masu shaguna, sun ɗauki akun mai shayi, mai gida kuma da kansa ya tare su a titi ya ce akwai maraya ɗaya a gidansa. Malam ya shige ɗakinsa. Gaskiya ma ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Kashegari ya sami mai aski.

A babban asibiti ne, a hawa na sama, can ƙarshen baranda kusa da banɗaki, inda aka jera gadajen da ɗaki bai ɗauka ba. An naɗe masa kai da rabin fuska, an rufe cikinsa da bandejin da ya riga ya canza launi. Malam har ya wuce shi, sai ya ji wata murya a bayansa, a dushe kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Farfesa. Wannan gemun naka abin kunya ne."

Malam ya tsaya, ya kama ƙarfen gadon. Ya ce masa ai an binne shi tun ranar Laraba, har mai gida ya yi hawaye. Mai aski ya so ya yi dariya, ciwo ya hana. Ya ce ya fita ne ya zubar da ruwan sabulu, bai san sauran ba. Ya tambayi mutumin da ya bari a kujera, rabin kansa a aske. Malam ya ce shi ne aka binne. Can mai aski ya ce, wa ke ba Kumfa abinci?

Malam ya ce ya sha ruwa tukuna.

Ya san yadda wurin yake aiki, domin a nan matarsa ta ƙare kwanakinta. Kowane gado da mai jinyarsa, da tabarmarsa a ƙarƙashi da fulas da bokiti. Shi ke juya marar lafiya, shi ke wanke shi, shi ke bin nas a baranda yana roƙo. Wanda ba shi da mai jinya sai in matar gadon kusa ta ji tausayi ta ɗiga masa ruwa a baki. Haka mai aski ya kwana ya wuni tun ranar Talata. Malam ya koma gida ya ɗauko tabarma da bokitin da ya rantse ba zai sake shiga asibiti da su ba. Wata nas mai jajayen idanu, wadda da gani ta manta ranar da ta yi barci, ta gaya masa gaskiya a tsaye: ƙarfe ya shiga cikin, an ciro abin da aka iya, ciwon ya ruɓe, ba za a daɗe ba.

Ba wai ba a kawo taimako ba ne. An kawo, kuma an tsara shi tsaf. Matattu suna da kwamiti, wanda ya kafa rumfa a gaban tashar yana raba wa iyalansu katifa da bargo da buhun shinkafa. Dabbobi suna da mota. Wanda ya maƙale a tsakiya, bai mutu ba bai tashi ba, shi ne ba a tanadar masa komai ba sai manyan baƙi. Su ma sun zo, da manyan riguna da masu ɗaukar hoto, suka tsaya a gadajen farko inda haske ya fi kyau, suka dafa kafaɗu. Wani daga cikin masu rakiya ya ƙaraso ƙarshen baranda yana toshe hanci, ya ajiye kwalin lemo a gefen mutumin da ko yawu ba ya iya haɗiyewa.

Da Malam ya kai wa mai gida labarin cewa ɗan hayarsa yana da rai, sai ya yi hamdala da muryar mai ciwon haƙori. A bayansa, ta ƙofar da ke buɗe, Malam ya hango sabuwar katifa da ledarta a jingine. Ashe mai gidan ya je rumfar kwamiti a matsayin ɗan'uwan mamaci. Ya roƙi Malam kada ya yi ta yaɗa maganar, don ya riga ya yi wa wani alkawarin ɗakin, kuma ai ga yadda ake cewa jikin nasa yake. Malam ya tambaye shi, to wa suka binne? Ya ce bawan Allah ne dai, kuma an yi masa sutura yadda ta kamata. Cewa akwai wata mata a wani lungu na garin da har yanzu take bin asibitoci tana neman mijin da ya fita aski, wannan bai shiga kansa ba. Ba wanda ya taka zuwa asibitin daga gidan. Sun riga sun yi kukansu, ba su da wani a ajiye.

Kullum mai aski sai ya tambayi karen, kullum Malam sai ya sami abin yi da hannunsa: ya matse tsumma, ya gyara matashi, ya tafi neman nas. Bai iya ƙarya ba. Shekarun da ya yi yana farautar kuskure a rubutun mutane sun lalata masa wannan baiwar. Ranar da zazzaɓin ya ɗan sauka, mai aski ya kama masa hannun riga.

"Duk rayuwata fuskar mutane nake kallo a madubi. Sun kashe shi, ko?"

"Ba su kashe shi ba. Wasu masu mota ne suka ɗauke shi."

"Haka ake ce wa yara in an yar da kyanwa."

"Zan nemo shi."

"Farfesa, kowa a barandar nan ƙarya ake yi masa. Wancan ana ce masa gobe za a sallame shi. Kai ma ka koya?" Ya saki rigar. "Kada ka sake kawo min magana. Ko ka zo da shi, ko ka bar ni."

Ya juya fuskarsa bango, kuma daga ranar ya daina karɓar ko ruwan.

Malam ya roƙi matar gadon kusa ta sa masa ido, ya tafi neman masu farar mota. A wani tsohon gareji ya same su, a bakin gari, keji a kan keji, wurin yana warin maganin wanke ƙasa. Akun mai shayi yana can a sama yana ta kiran a kawo kofi. Wata yarinya ce ta tare shi, hannayenta duk yagar farce, ta ce ta gane karen. Sun yi masa wanka da allura, likita ya duba shi har sau biyu, sun sa hotonsa a waya, kuma hoton ya zaga gari. Wasu mutanen kirki sun ɗauke shi, a gidansu yake yanzu. Ta ce su ƙa'idarsu, dabbar da mai ita ya mutu kaɗai suke ɗauka, kuma ba sa faɗin gidan da aka kai ta.

Malam ya ce mai shi bai mutu ba. Ta ce an gaya musu har an binne shi.

Nan ya sauke mata duk abin da ya tara. Ya ce likita sau biyu, madalla. Mai karen yana kwance a bakin banɗaki, ƙuda na bin bandejinsa, likita bai tsaya a kansa sau biyu ba tun da aka kawo shi. Ya ce da mutumin ya san haka, da ya yi haushi lokacin da aka kwaso shi, wataƙila da an yi masa wanka. Ya ce garin da ya iya nemo wa kare gida cikin kwana kaɗan amma ya kasa tambayar gawar wa ya binne, ba bam ne ya fara lalata shi ba.

Yarinyar ta bari ya gama. Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baba, ni aikin dabbobi nake koyo, shi kaɗai na iya. Da na zauna a gida na bar su sun mutu a kulle, maƙwabcinka zai sami gado a ɗaki?"

Gaskiya ta faɗa, wannan kuma ya fi komai ƙona wa Malam rai. Ta shiga ciki ta buga waya. Ya ji tana ba da haƙuri, tana maimaitawa, tana sake ba da haƙuri. Ta fito ta ce matar gidan ta ƙi, wai yaranta sun shaƙu da shi, a bari sai ƙarshen mako su yi shawara. Ta dubi makullin mota a hannunta, sannan ta ce ya zo gobe da sassafe, ita za ta kai shi da kanta, in an kore ta daga aikin a kore ta.

Da yamma ya koma asibiti. Mai aski yana kwance yadda ya bar shi, fuska a bango, amma idonsa biyu. Maganar tana bakin Malam: na gano inda yake, gobe za mu je. Ya auna ta ya ga ba ta cika ba. Matar ta ƙi, yarinyar tana iya fasawa, shi kuma bai ga karen da idonsa ba. A maɗaba'a bai taɓa sakin shafi ba sai ya tabbatar da kowane layi, ko da injin na jira, ko da manaja na ihu. Ya haɗiye maganar, ya jiƙa tsumma ya goga masa a leɓe. Gobe zai faɗe ta cikakkiya.

Gidan da yarinyar ta kai shi yana da doguwar katanga da ciyawar da ake yi wa aski. Matar gidan ta fito da fara'a da ladabi, yara biyu a bayanta suna riƙe da zanenta. Sai ga Kumfa, ya yi fari fiye da yadda Allah ya yi shi, da jan abin wuya, an kuma sa masa wani suna da Malam bai tsaya ji ba. Ya ga Malam ya tsaya cak, ya yi gurnani ƙasa-ƙasa.

Matar ta ce, to ga shi, ai bai ma san shi ba. Ta ce ba ta ƙi gaskiya ba, amma tun da hoton ya fita mutum nawa suka bugo suna cewa nasu ne.

Malam ya miƙa hannu ya kira shi da suna, da murya mai taushi wadda bai taɓa yi masa ba. Karen ya ja da baya ya shige bayan yaran. Ya sake gwadawa, har da durƙusawa, gwiwarsa tana ƙara. Karen ya kau da kai. Ran Malam ya ɓaci, ya miƙe tsaye.

"Kai, ɗan banza mai cin littafi! Uban wa kake yi wa yanga? Wuce mu tafi, munafuki!"

Matar ta dafe ƙirji. Kumfa kuwa kunnensa mai lafiya ya miƙe. Ya zo da gudu yana kaɗa jela har da ƙugu, ya zagaya Malam, ya shinshina takalminsa, ya ɗaga ƙafa a kai. Yarinyar ta juya baya kafaɗunta na rawa. Matar ta daɗe tana kallonsu, sannan ta shiga ta ɗauko igiyar da kanta, yaran suna kuka.

A ƙofar asibiti mai gadi ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe kare ba zai tsallake ba. Malam bai tsaya musu ba. Ya lura tagar ƙarshen baranda tana kallon titi, in aka ɗaga mai aski aka jingina shi zai iya hangowa. Ya ɗaure igiyar a ƙarfen shinge daidai saitin tagar, yarinyar ta ce za ta tsaya da shi. Ya hau matakala yana haki, yana tsayawa yana dafa bango, farin gashin kare duk a jikin wandonsa.

Wata mai shara ce a kan gadon, tana goge ledar katifa da tsumma. An naɗe tabarmarsa an jingina da bokiti. Kwalin lemon yana nan ba a buɗe ba.

Matar gadon kusa ta ce bai daɗe da cikawa ba, rana ta ɗan ɗaga. Ta ce bai sha wahala ba. Malam ya tambaye ta ko ya ce wani abu, ko ya nemi wani. Ta so ta yi masa ƙarya, ya gani a fuskarta, sai ta fasa. Ta ce bai juyo ba sam.

Nas mai jajayen idanu ta zo ta yi masa gaisuwa, ta tambaya ko 'yan'uwa za su zo ɗaukarsa, don ɗakin ajiye gawa ya cika. Malam ya ce 'yan unguwarsu sun riga sun binne shi sau ɗaya, bai sani ba ko za su yarda su maimaita. Ta dube shi ba ta gane ba. Ya ce shi zai zo.

Ya ɗauki tabarmar da bokitin ya sauko. Yarinyar ta ga fuskarsa, ta koma cikin mota ta zauna ta kifa kai a sitiyari. Kumfa yana zaune a gindin shingen, ya zuba wa ƙofar asibitin ido. Duk wanda ya fito sai ya miƙe, ya leƙa, ya koma ya zauna. Malam ya ajiye bokitin ya kife shi, ya zauna a kai kusa da karen, ya kwance igiyar daga ƙarfe ya naɗa a hannunsa. Can sama, an buɗe tagar ƙarshen baranda don wurin ya sha iska.

Tun ɗazu a ƙasan matakala, kafin ya hau, ya gama shirya maganar da zai faɗa wa mai aski, gajeriya, ba abin gyara a cikinta. Yana da rai, Mahauci. Ɗago ka gani, ga shi can a bakin ƙofa.